Yadda Ake Renon Furen Magariba a Cikin Kwalba, Daga Iri Har Dashe

Tun da baƙi suka fara ganin kwalaben da na jera a ɗakin baya, kowace da ɗan tsiro kore a ciki ba ƙasa ba yashi, tambayar yadda ake wannan aiki ba ta yanke ba. Ɗaliban Jami'ar André Salifou sun yi ta, masu lambu daga Mirya da Gidimuni sun yi ta, har wata Hajiya maƙwabciyarmu ta ce, “Malam, wannan kuma wane irin tsafi ne?” Ba tsafi ba ne, aiki ne na tsafta da haƙuri, kuma ga shi dalla-dalla.

Tsiron da zan yi misali da shi masana suna kiransa Oenothera biennis, a Faransanci onagre. Asalinsa Arewacin Amurka, furensa rawaya ne, kuma sai rana ta faɗi yake buɗewa, shi ya sa nake ce masa furen magariba, tunda ba mu da sunansa a Hausa. Ana noma shi don man da ake tatsa daga ƙwayarsa. Wanda furen kawai yake so a tsakar gida, ya watsa iri a ƙasa ya huta. Kwalba ta mai ƴan ƙwayoyi kaɗan ce da yake son su zama ɗaruruwa, ko mai son koyon sana'ar kafin ya taɓa dankali da ayaba. Dabino kuwa kar ma ka fara da shi, aikin shekaru ne.

1. Zaɓi lokaci kafin ka sayi komai

Tsiron kwalba yana son zafi tsakanin digiri 23 da 27. Da ya haura 30 girma ya ja baya, ganye ya fara ƙonewa. Mu kuwa a Damagaram, watan Afrilu da Mayu digiri 40 ba labari ba ne. Saboda haka in ba ka da ɗaki mai na'urar sanyaya iska da wutar da ba ta yankewa, ka fara a makon farko na Nuwamba. Lissafin shi ne: mako 3 na tsirowa, mako 4 na ninkawa, mako 3 na fitar da saiwa, mako 4 na sabawa da iskar waje. Mako 14 ke nan, ka gama a tsakiyar Fabrairu, bazara ba ta riske ka ba.

Hattara: sanyin hunturu yana zuwa ne da ƙurarsa, kuma kowace ƙwayar ƙura jirgin fumfuna ce. Ka sami ɗakin da ƙofarsa ba ta kallon gabas, ka toshe tagoginsa da leda. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi na siminti mai rufin kwano nesa ba kusa ba.

2. Haɗa kayan aiki

Abubuwa huɗu ne ba za ka samu a kasuwar Dole ba, sai an aiko maka daga masu sayar da kayan ɗakin gwaji a Yamai ko Kano, ko ka yi oda ta intanet: garin MS, agar, da sinadaran girma guda biyu, BAP da IBA. Garin MS shi ne gishirin abincin tsiro, haɗin da masana biyu, Murashige da Skoog, suka fitar a 1962, kuma har yau shi aka fi aiki da shi. Ka nemi wanda aka riga aka haɗa da bitamin. Agar gari ne da ake samu daga ciyawar teku, shi ke daskarar da abincin. Irin ma odarsa za ka yi, kuma in daga wata ƙasa zai shigo, ka tuntuɓi ofishin kare tsirrai na ma'aikatar noma kan takardar lafiyar iri. Ƙwayoyin man da ake sayarwa a farmasi ba iri ba ne, mai ne zalla, ba abin da zai tsiro.

Sauran duk na gari ne: tukunyar matsi, wadda ake dafa wake da ganda cikin ɗan lokaci, kwalaben mayonaz da aka wanke tas, sukarin shayi, ruwan jabel, alkol na farmasi, hantsaki mai tsawo, sabbin reza, sirinji na mililita 1 da na mililita 10, takardar awon tsami, wato pH, ledar naɗe abinci, takardar alminiyom, babban akwatin roba mai haske da ake ganin ciki, da ƙaramin sikeli mai auna har 0.01 na giram, irin na masu sayen zinariya.

Kuɗin yana tafiya ne a wuri uku: tukunyar matsi, garin MS, da fitilu. Amma ka duba yadda kayan ke auki. Lita ɗaya ta abinci tana cika kwalba 40 in kana zuba mililita 25. Giram 44 na MS lita 10 ne, kwalba 400 ke nan. Kilo ɗaya na sukari ya ishi lita 33. Saboda haka mutum uku ko huɗu su haɗa kuɗi su yi oda ɗaya, su raba, ya fi kowa ya sayi nasa ya bar shi yana dunƙulewa.

Hattara: kar ka maye gurbin agar da jelatin. Zafinmu zai narkar da shi, ka tarar da tsironka yana iyo. In agar ya gagara, sitacin rogo giram 80 zuwa 100 a lita yana daskarewa, sai dai fari ne, ba ya nuna maka ƙwayar cuta da wuri.

3. Dama sinadaran girma

BAP shi ke sa tsiro ya yi ta fitar da ƴaƴa, IBA kuma saiwa. Abin da ake bukata miligiram ɗaya ne a lita, sikeli ba zai iya auna shi ba, don haka ake damawa a ajiye. Auna giram 0.10 na BAP, ka narkar da shi da ƴan ɗigo na ruwan soda mai yin sabulu wanda aka sirka sosai, sannan ka cika da tataccen ruwa zuwa mililita 100. Yanzu kowane mililita ɗaya yana ɗauke da miligiram ɗaya. IBA ma haka, sai dai shi ɗan alkol ma yana narkar da shi. Rubuta suna da kwanan wata a jikin kowace kwalba, ka ajiye a firigo, can inda yara ba za su ɗauka ruwan sanyi ne ba. Soda tana cin fata da ido, ka sa safar hannu.

4. Dafa abincin kwalba

Ga ma'aunin lita ɗaya: garin MS giram 4.4, sukari giram 30, agar giram 8. Zuba mililita 800 na tataccen ruwa a tukunyar da ba ta tsatsa, ka narkar da MS da sukari. In abincin ninkawa ne, a nan za ka ƙara BAP. Na shuka iri ba a sa masa komai. Cika zuwa lita ɗaya, sannan ka auna pH, ka kai shi 5.7 ko 5.8. In ya yi ƙasa, ɗigo-ɗigo na ruwan bikarbonat. In ya yi sama, ɗigo-ɗigo na binegar. Sai bayan haka agar zai shiga. Ɗora a wuta kana juyawa kamar kunu har ruwan ya washe, ka zuba a kwalabe tun da zafinsa.

Maganar ruwa ba ƙarama ba ce a garin nan. Ruwan rijiya da na fanfo suna ɗauke da gishiri iri-iri, wani har da ɗanɗanon kanwa, kuma za su rikita maka awo. Ka sayi tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota. Amma ka karanta jikin gorar da idonka, domin masu batir suna sayar da mai asid ma a gora mai kama da ita.

Hattara: in pH ya sauka ƙasa da 5, agar ba zai daskare sosai ba. Wanda ya ga abincinsa ya kwana yana ruwa-ruwa, kar ya zargi mai kaya, ya koma kan awonsa.

5. Kashe ƙwayoyin cuta a tukunyar matsi

Tafasa kawai ba ta isa, akwai ƙwayoyin da digiri 100 ba ya kashewa. Abin nema shi ne digiri 121 na minti 20. Tukwanen gida da yawa ba sa kaiwa nan sosai, shi ya sa nake ba su minti 30, kuma ƙirgar tana farawa ne daga lokacin da tukunya ta fara huci, ba daga ɗorawa ba. Sa ɗan ƙarfe ko tsumma a gindi don kwalabe kar su zauna kan ƙarfen tukunya, ruwa kamar yatsa biyu, murafen kwalabe a sassauce. A wannan dahuwar ka haɗa da gorar gilashi biyu na ruwan ɗauraya, da hantsaki, da reza, da ƙananan faranti, kowanne a naɗe cikin alminiyom.

Hattara: kar ka ɗaga bakin tururi don ka yi sauri. Abincin zai tafaso ya malale, kwalba ma tana iya fashewa. Kashe wuta ka bar ta ta huce da kanta. Murfin roba kuma sai mai alamar PP ko lamba 5, sauran narkewa suke.

Da ka fitar, ƙara ɗaure murafen, ka ajiye kwalaben kwana 5 ba ka shuka komai ba. Wadda ta yi gajimare ko tabo ta tona kanta tun kafin ta ci maka iri. Ruwa ba ya tsami banza.

6. Shirya wurin aiki

Nan ne aikin yake ci ko ya faɗi, ba a wurin sinadarai ba. Manyan ɗakunan gwaji suna da tebur mai hura tatacciyar iska. Mu namu akwatin roba ne: kifa shi a kan tebur, ka huda ramuka biyu a gefe daidai shigar hannu. Dabarar ita ce iska ta tsaya cik a ciki, ƙura ta kwanta.

Alkol mai digiri 70 ake so, ya fi mai 90 kashe ƙwayar cuta domin ba ya saurin bushewa. In mai 90 ka samu, awo 7 nasa da awo 2 na tataccen ruwa. Yayyafa ruwa a daɓen ɗaki, rufe ƙofa, kashe fanka, goge cikin akwatin da alkol, goge bayan kowace kwalba kafin ta shiga, ka jira minti 20. Wanke hannu har gwiwa, ka shafa alkol, ka rufe baki da hanci. Riga mai gajeren hannu, ba babbar riga ba. Lokacin da ya fi shi ne bayan sallar asuba, kafin a fara shara kuma kafin babura su tayar da ƙurar unguwa.

Ni kaina shekarar farko na bar fanka tana juyawa don gumi ya dame ni. Cikin kwana huɗu kwalaben suka yi gemu fari da baƙi, ko ɗaya ban tsira da ita ba. Tun daga ranar nake aiki da tawul a wuya.

Hattara: alkol da wuta ba sa zama a akwati ɗaya. In za ka ƙona bakin hantsaki, fitilar ta kasance a waje, nesa da gorar alkol, ka bar ƙarfen ya huce kafin ya taɓa tsiro. Harshen wutar alkol da rana ba a ko ganinsa.

7. Wanke iri da shukawa

Ƙwayar furen magariba ƙarama ce ƙwarai, ba ta kai ta riɗi ba, in ka zuba ta a kofi rabi zai bi ruwa. Ga yadda nake yi: cire abin turawa na sirinjin mililita 10, zuba ƙwaya kamar 30 a ciki, mayar, ka toshe bakin da ɗan auduga don kar su fice. Ja alkol 70, girgiza daƙiƙa 30, zubar. Ja ruwan jabel da aka sirka, mai ɗigon sabulun ruwa ɗaya, ka riƙa girgizawa minti 15. Zubar, ka ɗauraye sau huɗu da ruwan da ka dafa a tukunya.

Ƙarfin jabel da ake nema kashi 1 cikin 100 ne. In gorarka ta ce digiri 12, wato kusan kashi 3.6, awo ɗaya nata da awo uku na ruwa. Jabel da ta daɗe a rana a gaban shago ta riga ta salance, nemi sabuwa, kuma mara turare.

Ɗora ƙwaya 4 ko 5 a kan abincin kowace kwalba, a sama kawai, kar ka binne, domin irin nan da haske yake tsirowa. Karkata kwalbar yayin buɗewa, hannunka kar ya gifta ta saman bakinta, rufe da sauri, naɗe murfin da leda zagaye biyu, rubuta kwanan wata. Ƙwaya kaɗan a kwalba da yawa ya fi ƙwaya da yawa a kwalba ɗaya: guda in ta zo da cuta, ƴan ɗakinsu kaɗai za ta kashe.

8. Ɗakin reno

Farar fitila doguwa ta LED, tazarar santimita 30 sama da kwalabe, awa 16 a kunne, awa 8 a kashe. In an ɗauke kuran na ƴan awoyi ba komai, tsiro ba ya mutuwa don duhun yini ɗaya. Abin da ke kashe shi rana ce ta taga, wadda ke mai da kwalba tanda cikin awa guda. Rataya ma'aunin zafi a tsakanin kwalaben, ba a bango ba. Ƙafafun kantar kuma ka tsoma su a gwangwanayen ruwa, domin kiyashi yana jin ƙanshin sukari ta ƙasan murfi.

Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ka ga tsiro. Duba kullum. Fumfuna tana zuwa kamar auduga, bakteriya kuma kamar majina ko madara a gindin ƙwaya. Kwalbar da ta kamu kar ka buɗe ta a ɗakin, kar kuma ka ce za ka ceci tsiron. Mayar da ita tukunyar matsi a rufe, sannan ka zubar.

9. Yanka da ninkawa

Bayan mako uku tsiron yana da ganyayen farko biyu da wasu ƙanana a tsakiya. Wannan tsiro ba ya yin dogon kara mai gaɓoɓi a farkon rayuwarsa, ganyensa shimfiɗewa yake kamar faifai, saboda haka abin da za ka ɗauka shi ne zuciyar, inda sababbin ganye ke fitowa. Fito da shi kan dafaffen faranti, yanke saiwa, ka bar kamar rabin santimita na kara a ƙarƙashin ganyayen farko, ka rage manyan ganye, ka kafa shi a tsaye cikin abinci mai BAP. Gindi kawai zai nutse, zuciyar tana sama.

Nawa za a sa? Fara da miligiram 1 a lita, amma karon farko ka dafa kashi uku, 0.5 da 1 da 2, ka raba tsirranka, ka ga wanda irinka ya fi so. Bayan mako huɗu gindin zai yi cunkus da ƴaƴa. Raba su da reza, kowane ya koma sabuwar kwalba. In kowane ya ba ka huɗu, goma sun zama 40, zagaye na biyu 160. Mai ɗaki mai sanyi yana iya ci gaba da zagayawa. Wanda ke tsere da bazara ya tsaya a zagaye ɗaya.

Abu uku ne ke ɓata wannan mataki. Na farko, abinci ya yi ruwan goro a kewayen yankan: tsiron ne ke zubar da ɗacinsa, kuma ɗacin yana kashe shi. Ka yi yanka da sabuwar reza, ka tsoma gindin a dafaffen ruwa mai ɗan bitamin C, in ya sake ka matsar da shi sabon abinci bayan kwana uku. Na biyu, ganye ya kumbura ya yi sheƙi kamar gilashi: BAP ya yi yawa ko abincin ya yi laushi, ka rage BAP rabi, ka ƙara agar giram ɗaya. Irin wannan ganye ba ya rayuwa a waje, kar ka ɓata masa kwalba. Na uku, ƙullutu fari ya taso babu toho. Ɗalibai suna murna da shi don yana da kyau a hoto, amma tsiron da ya fito ta ƙullutu yana iya sauya hali daga uwarsa. Mai son ƴaƴa iri ɗaya ya riƙe waɗanda suka fito kai tsaye daga zuciya.

Kar ka wuce mako huɗu ba ka sauya abinci ba, ko da tsiron yana da kyan gani.

10. Fitar da saiwa

Wannan mai sauƙi ne. MS rabi, giram 2.2, sukari giram 20, agar giram 8, IBA rabin miligiram zuwa ɗaya, BAP kuwa ko ɗigo kar ka sa. Zaɓi ƴaƴan da suka kai santimita 2 zuwa 3. Cikin mako biyu zuwa uku fararen saiwoyi za su bayyana ta ƙasan kwalba. Da sun kai santimita 2 ka fitar. In suka yi tsawo suka nannaɗe, karyewa za su yi a hannunka.

11. Sabawa da iskar waje

Tsiron da ya tashi a kwalba ɗan gata ne: bai san ƙishi ba, fatar ganyensa ba ta yi kauri ba, ƙofofin numfashinsa ba su iya rufewa ba. Ka fito da shi cikin busasshiyar iskar Janairu haka kawai, kafin ka gama shan shayi ya yi laushi. Mutane da yawa a nan suke asarar wahalar wata uku.

Kwana uku kafin fitarwa, sassauta murafen. Haɗa yashin kwari awo biyu da ruɓaɓɓen taki da aka tankaɗe awo ɗaya, ka turara a tukunyar matsi minti 30, ya huce. Ledar ruwan sha da aka yanke baki aka huda ƙasa ta isa tukunyar dashe. Da yamma ake fitarwa. Wanke saiwar a ruwa mai ɗumi-ɗumi har agar ya fita gaba ɗaya, domin ragowar sukari ita ke kiran ruɓa da kiyashi. Dasa, zuciyar tana saman ƙasa, shayar kaɗan, ka kifa masa gorar roba da aka yanke gindinta, murfinta a rufe.

Mako na farko a cikin ɗaki, ƙarƙashin fitilar da ya saba. Daga kwana na biyar ka cire murfin gorar awa ɗaya, gobe biyu, jibi huɗu, har ya wuni a buɗe. Mako na biyu zuwa na uku ka ɗage gorar baki ɗaya da safe da yamma, ka mayar da rana tsaka. In ka ga ya sunkuya, koma baya kwana biyu, ba gasa ake ba. Alamar ya kama ita ce sabon ganye, mai kauri da ɗan gashi, daban da na kwalba. Sannan ya fita inuwar dogon yaro ko ƙarƙashin rumfar zana, ranar safe kawai.

Hattara: ruwa da yawa ya fi ƙishi kashe shi a wannan lokaci. Tsoma yatsa, in da danshi ka bari. Takin zamani kuma sai bayan mako uku, shi ma tsarma-tsarma.

12. Dashe a lambu

Ƙasa mai yashi wadda ruwa ba ya kwanciya, tazarar santimita 30 zuwa 40, shinge mai ƙarfi saboda awaki. Ka rufe gindin da ciyawa, ka yi masa rumfa kafin Maris ya tsufa.

Game da fure, ka sassauta buri. A ƙasarsa tsiron shekara biyu ne: shekarar farko faifan ganye da doguwar saiwa, sai ya sha sanyin hunturu mai tsanani, sannan dogayen ranakun bazararsu su sa ya miƙe kara ya yi fure. Sanyinmu bai kai nasu ba, yininmu mafi tsawo kuma bai cika awa 13 ba, don haka yana iya zama yana ta ganye. Shi ya sa ba na fitar da duka. Kowane zagaye ina barin kwalba biyar a ɗaki, in rage musu BAP, in riƙa sauya musu abinci duk wata, har Nuwamba ta zagayo in sake fitar da wasu tun farkon sanyi, su sami Disamba da Janairu cur a waje.